Masu buga bulo a Legas: wa ya taɓa samun rancen gwamnati?

Mai Bulon Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Da hannu nake buga bulo, inci tara da inci shida, amma yanzu masu gini bulon inji suke tambaya. Ina so in sayi inji da janareta. Wanda ya taɓa neman rancen da gwamnati ke tsaya wa, don Allah ya faɗa mana yadda ta kaya.

Ɗan Katsina a Ikorodu:
Wa'alaikumus salam. Ni na samu ta LSETF, asusun ba masu sana'a rance da jihar Legas ta kafa a 2016 zamanin Ambode. Mutanenmu da yawa sun ɗauka na Yarabawa ne kaɗai, ko gwadawa ba sa yi. Zama a Legas ake dubawa, shi ya sa katin LASRRA, wato katin shaidar zama a Legas, shi ne farkon abin da za ka nema, sai lambar haraji da masu tsaya maka. Sun kuma duba shige da ficen asusuna, to in har yanzu a aljihu kake tara cinikinka, fara zubawa a banki tun yau.

Alhajin Alaba Rago:
Ni fili ne ya kayar da ni. Rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ina da ita, BVN da NIN duk daidai. Ma'aikacin wani banki ya zo ganin wurin aiki, ya ga tulin yashi, ya ga yara na ban ruwa, ya yaba, sai ya ce ina takardar haya. Wace takarda? Da baki muka yi da omo-onile, wato 'yan gari masu filin, duk shekara in kai musu kuɗi. Ya ce ba za su zuba kuɗi a injin da za a iya tasa gobe ba. Na ji haushi ranar, amma gaskiyarsa ce. Ƙanena, ka samu lauya ya rubuta muku yarjejeniya, ko mai filin zai ƙara maka haya.

Hajiya Mai Intalokin:
Ku riƙa lissafin siminti, ba inji kaɗai ba. Injina ya iso daidai lokacin da buhu ya haura naira dubu 10 a farkon 2024. Ga tifar yashi, ga dizal, ga 'yan kwangila da ke kwasar kaya bashi sai an biya su. Damina kuma ta sauka, bulo ya ƙi bushewa, banki kuwa ba ruwansa da ruwan sama, wata na ƙarewa zai cire nasa. Ka roƙi a ba ka watannin sarari kafin fara biya.

Malam na Idi-Araba:
Ni kuɗin ruwa ne ya hana ni, komai ƙanƙantarsa. Ka tambayi Jaiz ko TAJBank tsarin murabaha, su sayi injin su sayar maka da ribar da aka yanke tun farko.

Ɗan Katsina a Ikorodu:
Na manta. DBN, wato Bankin Raya Najeriya, ba ya ba mutum rance kai tsaye, ta bankuna yake bi. Duk wanda ya ce ka ba shi na goro ya shigar da sunanka can, ɗan damfara ne. Bankin Masana'antu kuma, BOI da ke Marina, zai nemi takardar farashin injin daga mai sayarwa.

Mai Bulon Agege:
Allah ya saka da alheri. Alhaji, nawa lauya ya karɓa wajen rubuta takardar?