Neman shawara kan motsa jikin yarinya mai raunin ƙashi

Assalamu alaikum. 'Yata mai shekara 6 tana fama da ciwon raunin ƙashi na gado, wanda matsalar sinadarin kolajin (wani furotin da ke ƙarfafa ƙashi) ke haddasawa. Tun da aka cire mata filasta bayan karayar cinya ta ƙi taka ƙafar, sai rarrafe take yi a tsakar gida. Likitan gashin ƙashi a asibitin Shika ya ce rashin motsi yana ƙara raunana ƙashi, ya ba da shawarar atisaye cikin ruwa, amma ban samu wurin da ya dace da ita a Zariya ba. Don Allah 'yan'uwa, babbar robar wanka za ta wadatar a gida? Kuma wane motsi ne ba zai jawo sabuwar karaya ba?