Wuni ɗaya kacal a birnin Rum, ta ina zan fara?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan ina karatu a birnin Fulorans na Italiya, ban taɓa leƙa Rum ba. Ranar Asabar zan bi jirgin ƙasa da sassafe, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi, in dawo da dare. Tun ina sakandare nake burin ganin Kolosiyam, tsohon katafaren filin wasan Rumawan da, da idona. Kuɗina kaɗan ne. Yaya zan tsara wunin?

Amsa ta 1:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Sayi tikitin Kolosiyam ta intanet tun yau, layin wurin na cinye safiya. Daga Termini, babbar tashar jirgin ƙasa ta Rum, ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa layin B, tasha ta biyu ka sauka. An buɗe ginin a shekara ta 80 Miladiyya. Ni dai da na shiga, na daɗe a tsaye ban ce uffan ba. Tikitin ya haɗa da Forum, kufan dandalin tsohon birnin, da tudun Palatino, kada ka wuce su.

Amsa ta 2:
Bar Fadar Batikan sai wani zuwan, ita kaɗai wuni take ci. Taka da ƙafa zuwa Pantiyon, tsohon haikalin Rumawa, da maɓuɓɓugar Tirebi. Riƙe gora, famfunan kan titi kyauta ne, ruwan sanyi ƙalau. Jakarka kuma a gaba, saboda 'yan sane.

Mai tambaya:
Na gode, yayyena. Sallah fa?

Amsa ta 3:
Babban masallacin Rum, wanda aka buɗe a 1995, yana arewacin gari, da ɗan nisa. Ka ware masa awa biyu, ko ka nemi ƙananan masallatai kusa da Termini.