Waɗanda suka taɓa yi wa kasuwancinsu manhajar waya, ku zo mu ji yadda ta kaya

Mai shadda, Kasuwar Gumi:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, amma daga bakin wanda ya taɓa zuba kuɗinsa, ba wanda ya ji an ce ba. Shekarata 14 ina sayar da shadda da yadi a babbar kasuwar Kaduna. Makon jiya wani yaro abokin ɗana ya zo shago, ya zauna kan benci, ya nuna mini a wayarsa yadda zai haɗa mana manhaja: sunan shago, tambarinmu, hoton kowace shadda da kuɗinta, mutum yana Rigasa ko Zariya ya danna ya biya a kai masa. Abin ya burge ni har sai da na kira maƙwabcina ya leƙo. Ya ce aikin naira 900,000 ne. Kafin in sa hannu a aljihu, wa ya taɓa yi? Ta kawo masa kwastoma, ko ado ne kawai?

Mai abincin oda, Malali:

Wa alaikumus salam Alhaji. Ni na yi, a 2023, bayan ƙarancin takardun naira na farkon shekarar, lokacin da kowa ya koma tiransifa dole. Oda ta yi mini yawa a WhatsApp har ina rikita ta wannan da ta wancan, sai na ce bari in yi abu na zamani. Aka haɗa mini mai kyau, ba zan ci haƙƙin wanda ya yi ba. Na buga sitika na manna a kan kowace robar abinci, a sauke manhajarmu.

Bari in ba ka labarin mutum ɗaya, don ita ta buɗe mini ido. Akwai wata Anti da kusan kullum sai ta yi odar masa da miyar taushe zuwa ofis. Ran nan na kai mata da kaina, na ce Anti kawo wayarki in sa miki. Muna dannawa waya ta ce babu wuri. Muka zauna muna goge bidiyon bikin 'yar yayarta, tana cewa "a'a bar wannan, na kamu ne", "wannan ma bar shi". Mun fi minti 20 kafin manhajar ta shiga. Ta yi oda da ita sau ɗaya a gabana don ta faranta mini. Bayan mako 2 sai ga saƙon murya kamar yadda ta saba: "Maman yara, masa 10, a sa yaji a gefe." Na ce Anti ina manhajar? Ta yi dariya ta ce autanta ya goge ya sa wasan ƙwallo.

Mutum 300 da 'yan kai suka sauke. Waɗanda suka ci gaba da oda da ita ba su cika 20 ba, kuma dukansu dama kwastomomina ne. Baƙo ko ɗaya ban samu ta nan ba. Baƙi daga Instagram suke zuwa, ko wadda ta ci abincina a wajen suna ta nemi lamba.

Ɗan Kawo:

Hajiya ai kin yi ƙoƙari. Ni wayata in ta cika, manhajar shago ce farkon tafiya. Ta banki da WhatsApp kaɗai ne ba a taɓawa.

Mai haɗa manhaja, Barnawa:

Baba Alhaji, wannan sana'ata ce, da ita nake ci, amma gara in faɗa maka tun yanzu da a zo ana Allah ya isa daga baya.

Kuɗin da yaron nan ya faɗa na gini ne. Ka tambaye shi na riƙo. Manhaja kamar mota take, ranar da ka saya ranar hidima ta fara. Buɗe asusun da za a ɗora ta a Play Store dala 25 ne, sau ɗaya. Na Apple dala 99 ne duk shekara, kuma in ba ka sabunta ba za a sauke ta daga shagonsu. Sai kuɗin sabar da ke riƙe hotunan kayanka da odar mutane, yawanci da dala ake biya duk wata. Ka tuna kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, farkon 2024 ta haura 1,500. Na san masu shago da manhajarsu ta mutu a tsakanin nan ba don ta lalace ba, lissafin wata ne ya ninka sau 3 aka ce a bari tukuna.

Sannan Google kan ɗaga ma'auninsa duk shekara, wajen ƙarshen Agusta. Manhajar da aka bari ba gyara, sannu a hankali masu sababbin wayoyi za su daina ganinta in sun nema. Ke nan ko ba ka canza komai a shago ba, sai ka nemo mai gyara.

Akwai kuma shiga. Asusun mutum ɗaya da aka buɗe bayan 13 ga Nuwamban 2023 ba ya fitar da manhaja kai tsaye, sai mutane sun gwada ta kwana 14 a jere. Da mutum 20 ake nema, daga baya aka rage zuwa 12. In da sunan kamfani za ka buɗe, sai ka nemi wata lamba da ake kira D-U-N-S, kuma sai sunan ya dace da takardunka na CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Su kuwa Apple suna da doka 4.2, ba sa karɓar manhajar da shafin intanet ne kawai aka naɗe aka ce manhaja. Abu ɗaya mai daɗin ji: kason nan na 15 zuwa 30 cikin 100 da ake cewa suna cira, a kan abin da ake saya a yi amfani da shi cikin waya ne. Shadda da abinci da gas ba su ciki. Kai kuɗin kamfanin karɓar biya kawai za ka biya, irin su Paystack ko Flutterwave.

Tambayar da nake yi wa duk wanda ya zo wurina ita ce: kwastomanka sau nawa yake dawowa? In a wata ne ko a mako, mu zauna mu yi magana. In sai Sallah da Sallah, me zai sa ya riƙe ka a wayarsa wata da watanni kana cin wuri? Ka duba wayoyin da ke shigowa shagonka, yawanci Tecno ne da Infinix da itel, da yawa ƙananan ne, ga data da aka amince a ƙara wa kuɗi da kashi 50 a Janairun 2025. Mutum yana lissafi kafin ya sauke abu.

Mai shadda, Kasuwar Gumi:

Ɗana Allah ya yi maka albarka. Maganar kuɗin wata ko kaɗan bai taɓo ta ba. Kuma gaskiya kasuwarmu ta Sallah ce da biki. Amma babu wanda ta yi wa rana ne a nan?

Mai gas, Unguwar Dosa:

Akwai, Alhaji. Ni ta yi mini, sai dai ba ta hanyar da na zata ba.

Tawa ba ta da wani ƙyale-ƙyale. Maɓalli 3 ne: a zo a ɗauki tukunya, nawa ne kilo yau, sai tarihin cikawarka. Sirrin yana wajen na ukun. In gida ya cika tukunya mai kilo 12.5 sau 2 ko 3, manhajar ta gane kwana nawa take yi musu. Saura 'yan kwanaki sai ta aika saƙo: gas ɗinku ya kusa, a zo a ɗauka? Duk mai iyali ya san ranar da gas ke ƙarewa, tuwo na kan wuta, magariba ta kawo jiki, maigida ba ya gari. Mata su suka riƙe mini manhajar nan, don ta raba su da wannan tashin hankali. Cikawa ta 10 kuma ban karɓar kuɗin mai Keke Napep.

Amma ku ji yadda ake sauke ta. Ba talla ba ce. Yaron shago ne, yayin da ake auna tukunya, zai ce Hajiya kawo wayar, ya jona ta da datar shago, ya sauke, ya rubuta adireshi da kwatance, "bayan masallacin Juma'a, gida mai baƙin get". Kuma dole ya tabbatar an danna yarda da sanarwa, don daga Android 13 waya sai ta nemi izini, in aka danna a'a shi ke nan tunatarwar ba za ta zo ba. Mun yi wata 2 muna mamakin shiru kafin mu gano haka.

Sabon kwastoma ba ta kawo mini. Abin da ta yi, ta hana nawa bin wanda ya buɗe a bakin layinsu. A wurina wannan ya biya kuɗinta. Littafina na takarda kuma yana nan ban yar ba. Wanda ya ga ƙarshen 2021, da aka rufe layukan waya a wasu sassan jihar nan aka kuma hana acaba, ba zai jingina cinikinsa duka a kan sabis ba.

Hajiya mai atamfa da leshi, Tudun Wada:

Ku yara kuna ta maganar dala, ku bar ni in faɗi ta kasuwa. Alhaji kai ka sani, shadda ba a saye sai an taɓa. Mutum zai murza ta, ya kai hanci, ya fita da ita bakin ƙofa ya ga launinta a rana. Sannan a taya, ka ce albarka, ya ƙara, ka ce bai kai ba, ya yi kamar zai tafi, ka kira shi ka sallama. Ina maɓallin albarka a manhaja? Wanda kake yi wa ragi don tare kuka yi makarantar allo, da wadda take ɗaukar turmi 6 na anko ta biya bayan biki, a ina za ka sa su? Kuma ranar da ka rubuta kuɗin kowane kaya a fili, maƙwabcinka ne farkon mai saukewa, ya rage naira 500 a nasa.

Ni tun da aka rushe Kasuwar Barci a 2020 na koma gida, sitatus ne shagona. Jikata ta buɗe mini WhatsApp Business ta jera kaya a katalog, ko sisi ban biya ba. In sabon kaya ya sauka in ɗora, kafin awa 24 ta cika an gama tambaya. Wadda ba ta iya rubutu ta yi magana, in ba ta amsa da baki.

Tela, Kabala:

Nawa gargaɗi ne, Yaya Alhaji, ko da ka yanke za ka yi. Ni an haɗa mini wadda ke ajiye awon kwastoma, ta kuma sanar da shi in ɗinki ya kammala. Ta yi amfani sosai, musamman da azumi da ake cika mini shago ana "Malam ya dai?" Kuskurena, komai da sunan wanda ya haɗa aka yi. Asusun Play Store nasa, imel nasa, sabar da katinsa ake biya ina mayar masa. Ni hoton tambari kawai na sani.

Da ya samu aiki a wani gari sai amsa waya ta fara wuya. Wata rana manhajar ta ƙi buɗewa. Na kai wa wani, ya ce in ba shi asalin rubutun manhajar da lambar shiga asusu. Na tsaya ina kallonsa kamar ya yi mini Faransanci. Ya ce to Malam, gini ka yi a filin wani. Abin da ya fi hana ni barci ba kuɗin ba ne. Awon matan mutane, lambobinsu da kwatancen gidajensu duk suna hannun wanda ba na iya samu. An ce mini ma akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, kuma ni da na karɓi bayanan ni za a fara tambaya. Sai da na bi ta wajen kawunsa aka zauna, ya mayar da manhajar asusuna. Wata 4 aka yi ana abu ɗaya.

A rubuta yarjejeniya da shaidu. Imel naka, lambar sirri a hannunka, a ba ka rubutun manhajar a filashi kafin ka biya cikon kuɗi.

Mai haɗa manhaja, Barnawa:

Malam tela ya faɗi gaskiya, kuma abin kunya ne a gare mu. In ƙara: sau da yawa ba mugunta ba ce, yaro ne ya ga buɗe asusu da sunan mai shago zai ja lokaci, ya bi gajeriyar hanya. Baba, in kana son abu mai sunanka, a yi maka shafin intanet mai sauƙi wanda ke buɗewa a kowace waya ba sai an sauke komai ba, ƙarƙashin kowace shadda a sa maɓallin da zai kai mutum WhatsApp ɗinka. Cinikin Hajiya bai ɓaci ba, kuɗin kuma bai kama ƙafar wancan ba.

Ɗan Kawo:

Oga ka kashe wa ɗan uwanka kasuwa da rana tsaka.

Mai shadda, Kasuwar Gumi:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na kira yaron bayan la'asar na karanta masa maganganunku. Bai musa ba, ya ce shi ma kuɗin sabar bai lissafa ba. Mun tsaya a kan shafin da maɓallin WhatsApp, da sunana za a buɗe komai, ɗana zai riƙe lambar sirri.

Amma maganar mai gas ta tsaya mini a rai. Ina da 'yan sari kusan 30 daga Kafanchan, Saminaka da Birnin Gwari, su duk mako 2 suke aiko da oda, kuma rigimarmu kullum a kan lissafin bashi ce, wa ya biya nawa, saura nawa. Malam na Barnawa, in su kaɗai za a yi wa, ba sai ta shiga Play Store ba, kowa ya ga abin da ya ɗauka da abin da ake binsa, hakan zai yiwu? In zai yiwu ka biyo ta kasuwa ranar Asabar kafin azahar, littafin bashin yana shago sai ka gani da idonka.