Me ya sa wanda bai yarda da Allah ba yake ƙin a kira shi mulhidi?

Ma'aikaciyar jinya ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara huɗu ke nan ina aikin jinya a wani asibiti a arewacin Ingila, kuma akwai wata Baturiya da muke yawan haɗuwa a aikin dare, wadda ta sha riƙe mini marasa lafiya domin in samu in yi salla. Wata rana hira ta kai mu ga maganar addini, sai ta gaya mini ba tare da kwana-kwana ba cewa ita ba ta yarda akwai Allah ba, ba ta zuwa coci, kuma ba ta sa ran wata rayuwa bayan mutuwa. Da na ce mata ashe ita "atheist" ce, wato abin da muke fassarawa da mulhidi, sai na ga ranta ya sosu, ta ce kada in ƙara kiranta da wannan suna, ita dai mace ce da ba ta da addini. Ban ja maganar ba saboda ina jin nauyinta, amma abin ya tsaya mini a rai, domin a sanina ma'anar kalmar ke nan, babu ƙari babu ragi. Shin akwai wani bambanci da ban gane ba, ko kuwa kunyar sunan take ji? Ba muhawarar aƙida nake nema ba, imanina yana nan daram, so nake kawai in fahimci mutanen da nake zaune a cikinsu.

Tsohon malamin tarihi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Abokiyar aikinki ba ita ta fara gudun wannan suna ba, domin tun asali kalmar ta zargi ce, ba suna ne da mutum yake raɗa wa kansa ba. Daga Girkanci ta fito, kuma a zamanin Rumawa har Kiristocin farko an jefe su da ita, saboda sun ƙi yin yanka ga gumakan daular. Kalmar da ta shafe ƙarnuka ana tuhumar mutane da ita a gaban alƙali, ba abin mamaki ba ne idan har yau tana da ɗaci a baki.

A Ingilar da kike zaune an daɗe ana neman mata madadi. George Holyoake, wanda aka ɗaure a 1842 bisa laifin saɓo, shi ne ya fito da kalmar "secularism" a 1851, domin yana son a san shi da abin da yake kira gare shi na gyaran rayuwar duniya, ba da abin da yake musu ba. A 1869 kuma masanin halittu Thomas Huxley ya ƙirƙiro "agnostic", wato wanda yake cewa samuwar Allah ko rashinta ba abu ne da shi ya sani ba, saboda yana ganin mai tabbatarwa da mai korewa duk suna iƙirarin sanin da shi bai kai gare shi ba. Amma akwai wanda ya rungumi sunan ƙiri-ƙiri, kamar Charles Bradlaugh da mutanen garin Northampton suka zaɓa zuwa majalisar dokokin Birtaniya a 1880, aka yi ta hana shi kujerarsa a kan rikicin rantsuwa har zuwa 1886. Wanda ya fi burge ni wajen faɗin gaskiyar lamarin shi ne masanin falsafa Bertrand Russell, da ya bayyana cewa a gaban masana falsafa zai kira kansa mai cewa bai sani ba, tunda ba shi da hujjar da za ta kore samuwar Allah kwata-kwata, amma a gaban mutumin kan titi gara ya ce shi mulhidi ne domin kada a yi masa wata fahimta dabam. Kin ga mutum ɗaya, ra'ayi ɗaya, suna biyu, gwargwadon wanda yake saurare.

A ƙidayar 2021 ta Ingila da Wales, kashi 37 cikin ɗari sun ce ba su da addini, mutum fiye da miliyan 22, amma waɗanda suka ɗauki alƙalami suka rubuta kalmar da kika kira ta da ita ba su wuce dubu 14 ba. Amsar da ta ba ki ita ce amsar mafi yawan irinta.

Mazaunin Amurka ya amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina ganin ya ba falsafa kaso mafi girma fiye da yadda ta cancanta. A nan inda nake, akasarin masu gudun sunan ba su taɓa jin labarin Huxley ba, abin da suke tsoro shi ne idon jama'a. Lokacin yaƙin cacar baka an ɗaure mulhidanci da kwaminisanci a igiya ɗaya, har aka ƙara ambaton Allah a cikin alkawarin mubaya'a ga tuta a 1954, aka kuma mayar da dogaro ga Allah taken ƙasa a 1956, duk domin a bambanta da Tarayyar Sobiyet. Har yau kundin tsarin mulkin wasu jihohi yana ɗauke da sharaɗin da ya hana wanda bai yarda da Allah ba riƙe muƙami, ko da yake hukuncin Kotun Ƙoli na 1961 ya sa sharaɗin ba ya aiki. Wanda ya tashi a ƙaramin gari a kudancin ƙasar, inda coci ce cibiyar zumunci da aure da kasuwanci, ya san abin da zai rasa idan ya furta kalmar.

Akwai kuma wani gyara da ya kamata mu yi, kada mu tara kowa a kwando ɗaya. Binciken da Pew, cibiyar nazarin ra'ayin jama'a, ta yi a 2023 ya nuna kashi 28 cikin ɗari na manyan Amurkawa ba sa jingina kansu ga wani addini, amma a cikin waɗannan kashi 17 ne kawai suka ce su mulhidai ne, kashi 20 suka ce ba su sani ba, sauran 63 suka ce ba su da wani takamaiman addini. Da yawa daga cikinsu ma sun yarda akwai Allah ko wani iko a sama, coci kawai suka bari. Saboda haka ba duk mai cewa ba shi da addini ne yake ɓoye mulhidanci ba.

Abin ban mamaki shi ne har a cikin jagororinsu ba a daidaita ba. A 2003 wasu suka fito da sunan "brights", wato masu haske, sai mutane suka ɗauke shi a matsayin girman kai, tunda kamar ana nufin sauran jama'a a duhu suke. A 2007 kuma marubuci Sam Harris ya tsaya a gaban taron mulhidai a Washington ya ce su daina amfani da sunan gaba ɗaya, bisa hujjar cewa babu wanda yake neman suna na musamman domin bai yarda da duba taurari ba.

Ɗalibin Larabci ya amsa:

Yaya, ni a wajen fassarar nake ganin matsalar, kuma ba laifinki ba ne. Mulhidi daga ilhadi yake, asalinsa karkacewa daga hanya, tushe ɗaya da lahadin kabari da ake haƙawa ya karkata gefe. Kalmar tana ɗauke da hukunci a cikinta, domin sai an yarda akwai miƙaƙƙiyar hanya kafin a ce wani ya karkace. Malaman da suka gabata sun fi kiran masu musun Mahalicci da suna dahriyya, daga aya ta 24 ta Suratul Jasiya, inda aka ambaci masu cewa babu abin da yake halaka su sai zamani. Sauran kalmomin da muke da su a Hausa ba su dace ba ko kaɗan: kafiri ya haɗa da mutanen da suka yarda da Allah, arne zagi ne, Maguzawa kuwa sun san Allah ne ya yi halitta duk da bautar iskoki da suke yi. Ke nan duk sunayen da muke da su wasu ne suka laƙaba, babu wanda mai shi ya zaɓa.

A wasu wurare kuma zaɓen suna ya wuce batun jin daɗi. A 2014 Saudiyya ta sanya kira zuwa ga mulhidanci cikin jerin ayyukan ta'addanci. A gida Najeriya, Mubarak Bala da babbar kotun Kano ta yanke wa ɗaurin shekara 24 a 2022 kan rubuce-rubucensa a Facebook, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da shi shekara 5 a 2024, ƙungiyar da ya shugabanta ba da sunan mulhidanci take ba, da sunan mutuntaka take, wato aƙidar fifita darajar ɗan Adam ba tare da jingina ga addini ba.

Ma'aikaciyar jinya ta sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Daren jiya mun sake haɗuwa a wajen aiki, na ba ta haƙuri, na kuma tambaye ta dalili kai tsaye. Ba ta ambaci tsoro ko falsafa ba. Cewa ta yi idan ta ji kalmar, abin da yake zuwa mata a rai shi ne mutumin da yake neman masu addini da gardama, ita kuwa mahaifiyarta har ta rasu ba ta fasa zuwa coci ba, kuma ba ta son sunan da zai sa ta zama kamar tana yi mata dariya. Ta ce duk Kirsimeti tana zuwa sauraron waƙoƙin coci, kuma idan mara lafiya ya zo gargara ita ce take fara kiran limamin asibiti, na Kirista ko na Musulmi. Na ce to da wane suna zan kira ta idan wani ya tambaye ni, sai ta ce in faɗi sunanta na yanka, in ƙara da cewa tana aikin dare.