Taƙaitawa: dokokin rage abincin masana'anta a makarantu

Ga abin da aka tattaro daga wata doguwar muhawara da aka yi kan kafa dokar rage abincin masana'anta a makarantu, ba tare da ambaton sunaye ba.

1. Kusan kowa ya yarda cewa lemon kwalba, alewa da kayan leda masu rini ba su dace su zama abincin yau da kullum na ɗalibi ba.

2. Inda aka fi daɗewa shi ne ma'anar "abincin masana'anta". Wasu sun tsaya kan tsarin NOVA na masana a Jami'ar São Paulo ta Brazil, wanda ke kasa abinci rukuni-rukuni bisa yadda aka sarrafa shi. Wasu suka ce ya yi faɗi da yawa, domin yakan haɗa burodin masana'anta mai cikakkiyar alkama da alewa a rukuni ɗaya. A ganina ƙorafin nasu yana da tushe. An kawo misalin jihar Kalifoniya a Amurka: dokarta ta 2025 ta ce a ware nau'ikan abincin masana'anta da suka fi illa, za a janye su daga makarantu a hankali har zuwa 2035.

3. Kuɗi ya raba kawuna. Dafa ɗanyen abinci na buƙatar kicin, firij da masu girki, kuma doka ba ta sayen waɗannan. Masu goyon bayan dokar suka ambaci Brazil, inda a 2009 aka wajabta kashe aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin da gwamnatin tarayya ke bayarwa don ciyar da ɗalibai wajen sayen abinci daga ƙananan manoma.

4. An amince a sauya sannu a hankali, kada yara su riƙa zubar da abincin.

5. Masu talla a ƙofar makaranta: ba a cimma matsaya ba.