Jinya da doki: yadda ake tsara zaman, da inda aikin ke lalacewa

Mai Ragama: Assalamu alaikum. 'Yan'uwa masu wannan aiki na jinyar masu lalura da doki, mu haɗa abin da muka sani kan sabon mahayi. Bari in fara da dokin kansa, don a nan ake yin kuskuren farko. Ingarma ba ya shiga wannan aiki. A nemi dandaƙaƙƙe ko goɗiya mai sanyin hali, wanda ya haura shekara 8, kuma kada ya cika tsayi, domin masu tafiya a gefe su riƙe mahayi ba tare da sun ɗaga hannu sama da kafaɗa ba. Kafin a ɗora kowa, a gwada shi na makonni: a turo keken guragu kusa da shi, a yar da sanda, a jefa ƙwallo, a yi ihu a bayansa. Wanda ya zabura ya dawo hayyacinsa nan take ana iya horar da shi. Wanda ya ci gaba da huci yana zare ido, a nema masa wani aikin. Nauyin da zai ɗauka, har da sirdi, kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari na nasa: doki mai kilo 450, iyakarsa 90.

Malama Fisiyo: Wa alaikumus salam. Malam, 90 ɗin nan ga mai iya zama daidai ne. Wanda jikinsa ke rinjaya gefe ɗaya ya fi gajiyar da bayan doki, sai a rage. Amfanin jinyar kuwa yana cikin tafiyar dokin. Doki na yin taku kusan 100 a minti, kowane taku yana juya ƙugun mahayi gaba da baya, dama da hagu, tare da ɗan murɗawa, kusan yadda ƙugun mai tafiya da ƙafa ke yi. Yaron da gaɓoɓinsa suka sandare tun haihuwa yana samun wannan motsi sau dubbai a zaman minti 30, abin da ba a iya yi masa da hannu a kan gado. Shi ya sa sau da yawa ake ajiye sirdi, a shimfiɗa ƙyalle mai kauri da ɗamara mai mariƙi, ɗumin jikin dokin ya sassauta cinyoyi. Amma dokin da ke ɗingishi, ko kaɗan ne, karkataccen motsi zai koya wa jikin yaron. A duba tafiyarsa da kofatonsa kowace safiya.

Kuma sai da takardar likita. Farfaɗiyar da magani bai shawo kanta ba, gocewar ƙashin ƙugu, gyambon kwanciya a mazaunai, ƙashi mai saurin karyewa, karkacewar gadon baya mai tsanani, duk suna hana hawa. Mai lalurar Down dole a duba ƙasusuwa biyu na saman wuyansa, don wasu kan zo da sako-sako a wurin, girgiza kuma na iya taɓa laka.

Baban Barga: Haka ne, Malama. Mutum uku ake buƙata ga sabon mahayi. Mai jan ragama idonsa na kan doki kawai, ko mahayin ya yi kuka ba ya waiwaya. Biyu na gefe su kama gaban sirdi, damtsensu ya kwanta a kan cinyar mahayi. Matsalar ita ce in hannu ya gaji sai su jingina da dokin, gwiwar hannu ta soke shi a kwiɓi, ya ɗauka an ce ya ƙara sauri. A tsaya a tsakiyar fili su canza gefe, ɗaya bayan ɗaya, ba a sakin mahayi gaba ɗaya. Igiyar da mahayi ke riƙewa a ɗaura ta a ragama, kada ta haɗu da linzami, domin hannun da ke fizga ba da niyya ba zai ji wa bakin doki ciwo. Hular kwano dole ce. Ba a taɓa ɗaure mutum a jikin sirdi, komai rauninsa.

Wurin hawa ya fi ko'ina haɗari: doki na tsaye a matse jikin dandamali, mutane sun kewaye shi. Da zarar mahayi ya zauna, a fito da dokin fili, a can a gyara likkafa.

Hajiya Mai Nasiha: Ni ɓangarena ba a hawa. Tsarin EAGALA, ƙungiyar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da doki da aka kafa a Amurka a 1999, a ƙasa ake yinsa duka, da ƙwararren lafiyar ƙwaƙwalwa da masanin doki tare. Misali, a ce wa matasa huɗu su sa doki ya tsallake sandar da aka shimfiɗa, ba ragama, ba taɓawa, ba cin hanci da abinci. Nan za ka ga mai hargagi, da mai ja da baya, da wanda ya lura cewa dokin ya fi bin wanda ya sassauta kafaɗa ya juya masa gefe. Kuskuren jagora shi ne fassara: "dokin ya ƙi ka saboda kana fushi." A tambaya kawai, "me ka gani ya faru?" Doki ba ya karanta zuciyar mutum, motsin jiki da murya yake bi. Kuma kada a yi wa iyaye alkawarin warkewa, ko a ce a bar magani. Binciken da aka yi kan wannan ɓangaren yawanci a kan mutane kaɗan ne.

Mai Ragama: Hajiya ta faɗi gaskiya. Saura gajiyar doki, wadda ba a cika lura da ita ba sai ya ciji mai jansa. Alamun suna zuwa tun kafin nan: yana kwantar da kunnuwa in an ja majanyi, yana kaɗa wutsiya ba ƙuda, yana tirjewa a bakin dandamali. Kada a buge shi. A fara duba baya da sirdi da haƙora, a rage masa zama, a sake shi cikin 'yan'uwansa ya yi birgima, sannan ƙwararren mahayi ya riƙa fita da shi don tsokar bayansa ta miƙe. Malama, ku a wajenku zama nawa a jere kuke ba doki ɗaya kafin a kwance masa ɗamara?