Neman shawara kan rage tsawon bututun fok na kabon

Ɗan Aboabo ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Wata biyu ke nan da na sayi keken tsere na hannu a nan Kumasi, cikin kayan da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema. Fok ɗinsa, wato ƙafafu biyun da ke riƙe tayar gaba, na kabon ne gaba ɗaya, har da bututun da ya ratsa wuyan keken ya fito sama inda ake ɗaure sitem, wato guntun hannun da ke haɗa bututun da kan keken. Bututun ya yi mini tsawo, domin zobban da ke ƙarƙashin sitem sun kai milimita 25, waɗanda ke samansa kuma milimita 35. Duk ranar da na gangara daga Kuntanase zuwa tafkin Bosumtwi na sunkuya a kan keken, sai in ga wannan tsinin yana fuskantar ƙirjina, kuma hankalina ba ya kwanciya da shi.

Na kai wa wani mai gyaran keke a unguwarmu, sai ya ɗauko abin da masu gyaran famfo ke yanka bututu da shi, na roƙe shi ya dakata tukuna. Ina so ku nuna mini inda ya kamata a yanka, da abin da ake yankawa da shi, da kuma ko aiki ne da zan iya yi da hannuna a gida.

Masta na Suame ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka kyauta da ka dakatar da shi. Wancan abin yana yanka ne ta hanyar matsa bututu yana zagaya shi, ƙarfe da alminiyam suna jure wannan, amma kabon zare ne da aka shimfiɗa hawa-hawa aka haɗe da danƙo, idan aka matse shi sai shimfiɗun su rabu daga ciki inda ido ba ya gani.

Akwai dalilin yankewa da ya fi na ƙirjinka ƙarfi. A cikin bakin bututun akwai toshi mai buɗewa idan an ɗaure shi, wanda murfin sama ke kamawa, kuma shi ne ke tallafe bututun daga ciki a daidai inda sitem ke matse shi daga waje. Tsayin bakin sitem kusan milimita 40 ne. Idan ka tara zobba na milimita 35 a sama, toshin ya hau can sama ke nan, sitem kuma yana matse wurin da ba shi da madogara a ciki. Wannan ne ya fi damuna a bayaninka.

Ga yadda nake yi. Ina barin komai a ɗaure yadda ake hawa, boris ɗin wuya sun zauna daidai babu girgiza, in cire murfin da zobban sama kawai, in zana layi da fensir a kan bututun daidai da saman sitem. Daga wannan layin ina hawa milimita 2 in zana layi na biyu, a nan ne zarto zai bi. Dalili shi ne zan ɗora zobe guda na milimita 5 a saman sitem, bututun ya tsaya milimita 3 ƙasa da bakin zoben, ta yadda murfin zai danna zoben ba tare da ya taɓa bututun ba. Idan ya taɓa shi, ko ka ɗaure kusar murfin iya ƙarfinka wuyan keken ba zai daina girgiza ba. A lissafinka, abin da za a cire bai wuce milimita 30 ba.

Bayan haka ka zare fok ɗin daga keken, ka fitar da toshin kafin komai, domin na ga wanda ya manta da shi har zarto ya ci karo da ƙarfe. Ka naɗe wurin da salatif na takarda zagaye biyu, ka mayar da layin a kansa, don kada zaren ya tsage a baki. Zarton ƙarfe za ka yi amfani da shi, da sabon ruwa mai haƙora 32 a inci guda, ko kuma ruwan da ba shi da haƙora sai ƙwayoyin kabaid, wanda shi ya fi dacewa da kabon. Kamfanin Park Tool yana da irinsa mai suna CSB-1, da madaidaicin zarto mai suna SG-8, amma idan ba ka same su ba, tsohon sitem da ba a buƙata ko kilif biyu na tiyon mota za su tsare maka layin. Kada ka danna zarton, ka bar nauyinsa ya yi aikin, kuma idan ka kusa ƙarshe ka juya bututun ka ƙarasa daga ɗaya gefen, saboda a wannan ɗan ragowar ne kabon ya fi tsagewa. Daga nan sai samfefa mai laushi, kana gogawa daga waje zuwa ciki.

Mai Keken Nima ya rubuta:

Masta ya gama bayanin yankan, ni abu biyu zan ƙara daga nan Akara. Na farko ƙura ce. Garin kabon baƙi ne mai laushi ƙwarai, yana shiga huhu yana kuma sa fata ƙaiƙayi, don haka ka yi aikin a tsakar gida da takunkumi a hanci, kana ɗiga ruwa a kan ruwan zarton, ka share da jiƙaƙƙen tsumma maimakon ka hure da baki. Ka nisantar da waya da duk kayan lantarki, domin wutar lantarki na iya bi ta cikin garin.

Na biyu ya same ni ne a kaina. Shekarun baya na ba wani mai gyara fok ɗina, ya yanka shi da kyau, amma da ya ga toshin ya ɓace sai ya buga notin nan mai fukafukai kamar tauraro da guduma, irin wanda ake sa wa bututun ƙarfe. Ban sani ba sai bayan makonni, ina gangarowa daga Aburi wajen Ayi Mensah, na ji kan keken yana ƙara duk lokacin da na kama birkin gaba. Da na buɗe a gida na haska tocila, na ga fukafukan sun kafta ramuka a bangon ciki, tsaga kuma ta sauka kusan tsawon ɗan yatsa. Allah ne ya tsare, amma fok ɗin ya tafi. Tunda keken na hannu ne, idan ka zare fok ɗin ka duba inda boris na sama ke zama, ka shafa da farce. Idan ka ji rami ya zagaye bututun, alama ce an daɗe ana hawansa da sakakken wuya, kuma irin wannan fok ɗin sauya shi ake yi.

Alhaji na Asawase ya rubuta:

Yarona, ban musa ko ɗaya daga abin da suka faɗa ba, amma ban yarda ka ɗauki zarto a makon nan ba. Wata biyu bai isa mutum ya san tsayin da bayansa da wuyansa ke so ba, musamman a hanyoyinmu masu ramuka, inda sunkuyawar da ta yi daɗi a awa ta farko take zama ciwo a awa ta uku. Abin da aka yanke ba ya komawa, kuma samun fok na kabon da ya dace da wuyan kekenka a Kumasi ba ƙaramin aiki ba ne. Ka gwada ɗaga sitem da milimita 5 ko 10 ka je Bosumtwi ka dawo sau biyu ko uku, muddin zobban ƙasa ba su wuce milimita 40 ba, wanda shi ne iyakar da kamfanoni da yawa ke yarda da ita, wasu ma a 30 suke tsayawa. Ina kuma da ja a kan zoben sama na dindindin, domin akwai kamfanonin da suka ce kada a bar komai a saman sitem.

Masta na Suame ya rubuta:

Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, maganarku gaskiya ce, kamfanonin sun saɓa a wannan. Masu cewa a sa zobe suna son kusar sitem ta sama ta kama cikakken bututu maimakon bakinsa, masu hanawa kuma sun ƙera toshinsu ne don ya zauna daidai da sitem. Idan ya samu littafin kamfanin fok ɗinsa a intanet, shi zai bi. Gwajin da kuka ba shi ma yana rage zobban sama, don haka ya rage haɗarin da na ambata. Abin da zan roƙe ka, ƙanena, shi ne ka auna tsawon toshinka ka tabbatar ya sauka har ƙasan kusar sitem ta biyu, kuma kada ka ɗaure kusoshin da ƙiyasin hannu. Yawancin sitem an rubuta 5 Nm ko 6 Nm a jikinsu, wato awon ƙarfin da za a ɗaure kusoshin da shi, sai da sifana mai awon ƙarfi ake sanin an kai. Murfin sama ake fara ɗaurewa kaɗan-kaɗan, kana kama birkin gaba kana girgiza keken har ƙarar ta ɗauke, sannan a daidaita kan keken da taya a ɗaure sitem.

Ɗan Aboabo ya rubuta:

Na gode, Allah ya saka muku da alheri. Jiya da yamma na zare fok ɗin na haska cikinsa, babu tsaga kuma babu rami a wajen boris, sai dai toshin gajere ne, milimita 20 kawai, don haka bai taɓa kaiwa inda sitem ke matsewa ba. Na mayar da zobe na milimita 10 ƙasa kamar yadda Baba Alhaji ya ce, amma ba zan hau gangara ba sai na samo dogon toshi. Masta, ba ni da sifana mai awon ƙarfi, idan kana da ita a shago zan zo Suame ranar Asabar bayan Azahar da keken da sabon ruwan zarto, ka duba awon da idonka.